Idan Karta Ta Yi Kyau, Nawa Za Ka Zuba?

A wasan Texas Hold'em, wani nau'in foka da ake raba wa kowa karta biyu sannan a buɗe biyar a tebur, as biyu (as ce karta mafi girma) ba sa zuwa hannun mutum sai kamar sau ɗaya cikin rabo 221. Idan kuma tagwayen karta kake riƙe da su, misali tara biyu, damar ta ukunsu ta fito cikin ukun farko da ake buɗewa a tebur ba ta kai 12 cikin 100 ba. Ga shi a gasa zubin dole, wato kwabban da ake zubawa tilas bi da bi kafin a raba karta, yana ta hawa bayan 'yan mintuna, yana zaizaye kwabbanka ko ka buga ko ba ka buga ba. Don haka ranar da hannu mai ƙarfi ya zo, tilas ya biya kuɗin duk zaman jiran da aka yi.

Ni gasar foka ta intanet da ba a shiga da kuɗi nake bugawa, ta kwabban wasa zalla, domin ba na caca. Lissafin da karantar mutane ne suka riƙe ni. Kuma a irin wannan gasar na fi ganin yadda mutane ke ɓarnar karta mai kyau: mutum ya samu abin da zai kwashe tebur da shi, sai ya lallaɓa ya zuba ɗan kaɗan wai kada abokin karawa ya tsorata ya janye.

Ga wani hannu da ya zauna mini a rai. Zubin dole yana 100 ƙarami da 200 babba, an ba ni tara biyu. Na ƙara zuwa 450, mai babban zubin dole ya bi, tulin tsakiya ya zama 1,000, kowannenmu yana da saura kamar 7,500. Aka buɗe uku: sarki mai alamar zuciya, tara, da shida ita ma mai zuciya. Tara uku ke nan a wurina. Kafin in taɓa komai sai na tambayi kaina ta yaya 7,500 ɗin nan tasa za ta shiga tsakiya kafin a gama, alhali sau uku kawai ya rage mini in zuba.

Na zuba 700, ya bi, tuli ya koma 2,400. Ta huɗu ta fito biyu, ba mai zuciya ba. Na zuba 1,900, ya yi jim, ya bi. Yanzu tsakiya 6,200, hannun kowa 4,900. Da ta biyar ta fito ba ta canja komai ba, na tura duka, kuma turin bai yi kama da hauka ba tunda bai kai girman tulin ba. Ya bi da sarki da sarauniya. Da a ce kashi ɗaya bisa uku na riƙa zubawa a kowane mataki, abin da zan karɓa daga wurinsa bai kai 1,900 ba.

Sirrin yana cikin yadda tuli ke ninkuwa. Ɗauki tuli na 10. In ka zuba rabinsa sau uku ana binka, 5 ne, sai 10, sai 20, jimilla 35. In kuwa cikakken tulin kake zubawa, 10 ne, sai 30, sai 90, jimilla 130. Zubin farko, wanda ake rainawa, shi ke yanke girman na ƙarshe. Wanda ya wuce bai zuba komai ba a ukun farko don ya yi wayo, ya yar da mataki guda cur, kuma ba zai dawo ba.

Akwai dalili na biyu da ya sa na matsa a hannun nan. Zuciya biyu na kan tebur. Mai riƙe da wasu biyun yana jiran ɗaya ne cikin tara da suka rage don ya cika zuciya biyar, hannun da ya fi tara uku, kuma damarsa a karta ta ƙarshe ba ta kai 20 cikin 100 ba. Idan na zuba rubu'in tuli, abin da yake bukata don bin ya yi masa daidai kusan 17 ne cikin 100, wato na sayar masa da kartar da arha. Rabin tuli yana bukatar 25, cikakke 33. Da 1,900 a kan 2,400 kuwa sai ya nemi sama da 30. In ya bi, asara ya saya, ko da wani lokacin zuciyar za ta fito ta cinye ni. Takan fito, kuma akwai zafi ƙwarai, amma hakan bai taɓa sa na rage zubi ba.

Sai dai ba kowane hannu mai ƙarfi ke son babban zubi ba, kuma nan ne na fi daɗewa ina nazari. Ka ce as biyu ke hannuna, aka buɗe as, bakwai da biyu, kowacce da alamarta daban. Na fi kowa ƙarfi, amma wa zai biya ni? As ɗaya tak ya rage a cikin kartar, babu mai jiran komai. A nan rubu'i ko sulusi nake zubawa, don mai bakwai ko mai takwas biyu ya samu zuciyar bi. Kamar ciniki ne a kasuwa: kyan kayanka daban, abin da ke aljihun mai saye daban, kuma da na biyun ake yanke farashi.

Kafin a buɗe komai kuwa ba na bambantawa. Ninki biyu zuwa biyu da rabi na babban zubin dole nake ƙarawa, ko as biyu ne ko wani hannu matsakaici, sai in ɗan ɗara idan wasu sun riga sun shigo. A intanet ba a ganin fuska, girman zubinka da saurin latsawarka kawai ake karantawa. Wanda ke ƙara ninki biyar duk sanda ya samu as, cikin ɗan lokaci tebur zai gane shi. Ba kuma na shiga a lallaɓe da as biyu: suna cin mutum ɗaya kusan 85 cikin 100, amma in mutum huɗu suka biyo, abin yakan sauka zuwa wajen 56.

A karta ta ƙarshe nakan yi ɗan lissafi kafin agogo ya cinye ni. Zubin 1,500 da za a bi kullum yana kawo 1,500. Zubin 4,900 da za a bi sau ɗaya cikin biyu yana kawo 2,450. Ganin mutum ya janye ba daɗi, amma na biyun ya fi. Inda nake sassautawa shi ne dab da lokacin da za a fara shiga sahun masu matsayi, domin masu matsakaitan kwabbai kan ƙanƙame su a lokacin, ba sa bin babban zubi sai da abin kirki. In kuwa kwabbaina sun ragu zuwa ninki goma ko sha biyu na babban zubin dole, babu sauran tsara matakai uku. Hannu mai ƙarfi na zuwa, nakan tura duka tun kafin a buɗe tebur.