Tafiyata Samaru taron manoma

Asuba na yi na fita tasha a Funtua, motar ba ta cika ba sai wajen bakwai da rabi, muka bi ta Giwa da Shika, masara duk ta yi goyo hagu da dama, kafin tara muna Samaru.

Ni dai abin da ya kai ni ciyawar nan wuta-wuta ce, shekara uku kenan tana cinye min dawa. Baba Allah ya jiƙansa ya sha ba mu labarin zamaninsu, malamin gona ya zo a kan keke, a taru ƙofar gidan mai gari, ya yi bayani ya tafi, ba mai tambaya, sauran kuma sai abin da aka ji a rediyon Kaduna da daddare. To wallahi abin da na tarar daban ne. A nan Samaru tun 1922 ake binciken noma, kafin ma a kafa jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma irin masarar nan da muke cewa SAMMAZ da waken SAMPEA duk sunan Samaru ne a jikinsu, amma ba a zaunar da mu a kujeru ana karanto mana tarihi ba, gonar gwaji aka shiga da mu kai tsaye, kunya-kunya, ka taɓa da hannunka ka ɓare zangarniya ka gani.

Wani dattijo ya tare malamin da ke mana bayani, ya ce ranka ya daɗe wannan irin naku ya yi kyau a ido amma tuwonsa fa? Malamin ya ciro biro ya rubuta, abin ya burge ni sosai. Mata ma sun zo da yawa, su suka fi dagewa wajen buhun PICS, leda biyu a ciki buhu a waje, ka ɗaure kowanne tam iska ba ta shiga ƙwarin wake su mutu ba sai an zuba magani ba.

Ni kuma aka ce in daina maimaita dawa a wuri ɗaya, in sa waken suya baɗi, in riƙa cire wuta-wutar kafin ta yi fure.

A mota muna dawowa wani yaro ya riga ya tura bayanin da ya naɗa a waya zuwa guruf ɗin ƙauyensu na WhatsApp, kafin mu kai Giwa har an fara turo masa tambayoyi da murya, ya juyo ya ce min Baba me ma aka ce kan tsutsar masara?