Tukunyar agwagwa a Antananarivo

Gidan abincina ƙarami ne, 'yan tebura da kicin a baya, a wata unguwa ta Antananarivo, babban birnin Madagaska. Aure ne ya kawo ni nan daga Nijar. Abin da ya sa na buɗe wurin shi ne na ga Musulmin da ke shigowa birnin, 'yan tsibiran Komoro da mutanen garin Mahajanga na gabar arewa maso yamma da baƙinmu na Afirka ta Yamma, suna shan wahala kafin su sami abincin ƙasa da za su ci hankali kwance. Naman alade ya shiga girkin mutanen tudun tsakiyar ƙasar sosai, har dakakken ganyen rogon nan da suke ji da shi, ravitoto, galibi da shi ake haɗawa. Sai na tsaya kan naman sa da kaza da agwagwa, yankan hannunmu. Agwagwar ce ta yi mana suna.

Agwagwar da nake so ita ce ta fadamar shinkafa, wadda ake saki bayan girbi tana tsintar hatsin da ya zuba da dodon koɗi. Namanta da tauri, amma ɗanɗanonsa daban ne. Matan ƙauye ke kawo su da rai cikin kwanduna a saman motar haya. Akwai garin Behenjy, kudu da mu a kan hanyar Antsirabe, inda ake yi wa agwagi ɗurar masara don hantarsu ta kumbura, sana'ar da Faransawa suka bari. Ba na sayen waɗancan. Kitse ya yi musu yawa, kuma ɗurar ba ta kwanta mini a rai ba.

Dahuwar ba ta da wani sirri. Bayan figa da babbaka, sai a jera yankan a busasshiyar tukunya, fata a ƙasa, a bar kitsen ya narke da kansa har fatar ta yi ja. A kwashe yawancin man a ajiye, a zuba albasa da tafarnuwa da citta ɗanya mai yawa, sai tumatir da gishiri da ruwa kaɗan. Daga nan aikin gawayi ne. Wuta ƙasa-ƙasa, wajen awa biyu, har ruwan ya tsotse ya bar romo mai kauri da ke manne wa nama. Barkono ba ya shiga tukunya; ana niƙa shi daban a ajiye a gefe, kowa ya ɗiba gwargwadon bakinsa. Ana ci da tulin farar shinkafa, a kora da ruwan ƙanzo mai zafi da aka tafasa a tukunyar shinkafar.

Baƙo kan yi mamakin yadda ƙasar da ke ƙamsasa girkin duniya take taƙaita kayan ƙamshi a nata girkin. Ni kuwa a nan na ga nauyin abin: tunda kaɗan ake sawa, dole ɗan kaɗan ɗin ya zama na kirki, kuma na san hannun da ya fito.

Citta ba ta ba ni wahala, daga Beforona take zuwa, a kan hanyar Toamasina. Kanumfari kuma daga yankin Analanjirofo na gabar gabas, inda ake tsinkarsa a ƙarshen shekara. Ƙwaya biyu sun ishi tukunya guda.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne masoron daji, voatsiperifery, 'yan ƙananan ƙwayoyi masu ɗan wutsiya, da ƙamshin itace da lemo. Ba a noma shi sosai. Yaɗo yake yi a jikin manyan bishiyoyin kurmi, 'ya'yan kuma can sama suke fitowa inda rana ke taɓawa. Da masu girkin Turai suka gano shi kuɗinsa ya tashi, sai wasu masu tsinka suka ga hawa ɓata lokaci ne: a fizgo yaɗon gaba ɗaya, ko a sare bishiyar a tsince a ƙasa. An sami kuɗin yini, an kashe abin da ya yi shekaru yana girma. Ban cika ganin laifinsu su kaɗai ba, domin dillalin da ke saye a wurinsu da awon gwangwanin madara bai taɓa tambayar yadda aka samo ba. Ni daga wata ƙungiyar manoma nake saye, masu hawa su tsinko da hannu, waɗanda suka fara dasa yaɗon a jikin bishiyoyin gonakinsu. Kayansu a ido ma ana ganewa: ƙwayoyin sun nuna, launinsu ja-ja zuwa baƙi, babu ganye da ɓawon itace a ciki. Na kasuwa kuwa nunanne da ɗanye duk a haɗe suke.

Ranar Juma'a muna yin agwagwa da vanila, girkin da ya fi kusa da na otal-otal fiye da na gida. Vanilar daga yankin Sava take, wato Sambava, Antalaha, Vohemar da Andapa. Duk furen da zai yi ɗa, sai an haɗa shi da hannu da ɗan tsinke a safiyar da ya buɗe, dabarar da wani yaro bawa, Edmond Albius, ya gano a tsibirin Reunion a 1841. Sannan a jira wata tara. Bayan guguwar Enawo ta 2017 kilo guda ya kai wajen dala 600, sata ta yi yawa har manoma na kwana a gona da adda, suna huda alamarsu a jikin kowane ɗanyen sanda. Da yawa suka riƙa tsinka tun bai nuna ba, ƙamshi ya lalace. Yanzu farashin ya faɗi warwas, manomin ne dai a ƙasa.

Abin da ya fi cin manoman shi ne bashin fure: lokacin yunwa dillali ya ba da ɗan kuɗi ko buhun shinkafa, da kaka ya kwashe amfanin a wulaƙantaccen farashi. Iyalin da nake saye a wurinsu, ina ba su kafin alƙalami idan sun nema, amma farashi sai ranar awo muke yankewa, kan abin da kasuwa ta kai a ranar. Sharaɗina ɗaya, a bar sandan ya nuna a jikin uwarsa.

Wannan yana sa farantina ya ɗara na maƙwabta tsada, wasu su ji kuɗin su juya. Da damina kuma, idan ruwa ya yanke hanyoyin gabas, masoron kan ƙare mini. Ba na cikewa da na kasuwa. Ina gaya wa masu ci cewa babu, mu dafa da citta da tafarnuwa kawai kamar yadda ake yi a gidajen Malagasi, na kuma rage kuɗin faranti har kaya su iso.