Kafin Mantuwa Ta Bayyana, Tafiya Ce Ke Fara Canjawa

A gidaje da yawa ba a farga da ciwon mantuwa, wanda muka fi sani da gigin tsufa, sai ranar da Baba ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida, ko Inna ta dubi jikarta ta ce "ke 'yar wane ce?" Alhali kafin a kai nan jiki ya daɗe yana nuna alamu, wani lokaci shekaru da dama. Abin da ke ɓoye su shi ne sun yi kama da tsufa na yau da kullum, sai a ce ai shekaru ne, a wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan ciwo sun haura miliyan 55, kuma sama da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici, inda hoton ƙwaƙwalwa ke da tsada kuma likitan ƙwaƙwalwa ke da wuyar gani. A irin wannan hali idon 'yan gida yana da amfani sosai, in dai sun san abin da za su duba.

Ɗaya daga cikin manyan alamu ita ce raguwar saurin tafiya. Mutane suna ɗauka tafiya aikin ƙafa ne kawai, amma kowane taku sai ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa ya tsara shi, ya haɗa abin da ido ya gani da abin da tafin ƙafa ya ji, ya daidaita jiki kada ya karkace. Idan hawan jini ko ciwon suga ya daɗe yana lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa, saƙon da take aikawa ƙafa yakan yi jinkiri. Sai taku ya gajarce, mutum ya riƙa jan ƙafa, ya buɗa ƙafafu don neman daidaito, juyawa kuma ta koma taku huɗu ko biyar maimakon biyu. A 2013 Dakta Joe Verghese da abokan aikinsa a New York suka bayyana cewa tsohon da tafiyarsa ta yi nauyi kuma yana kukan yawan mantuwa yana cikin haɗari na musamman, ko da kuwa yana gudanar da harkokinsa lafiya lau. Wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya bi tsofaffi kusan 17,000 a Ostareliya da Amurka, ya ƙarfafa wannan: waɗanda tafiyarsu da tunaninsu suka ja baya tare su ne suka fi kamuwa, fiye da waɗanda abu ɗaya kaɗai ya taɓa.

Ana iya auna wannan a tsakar gida. A sami wuri a baje marar gargada, a shata mita 4 da alli ko gawayi, a bar ƙarin mita ɗaya kafin layin farko da ɗaya bayan na ƙarshe, domin kada lokacin tashi da na tsayawa su shiga lissafi. A ce wa tsohon ya yi tafiyarsa ta kullum, da takalmin da ya saba, da sandarsa in yana dogarawa. A danna agogon waya sa'ad da ƙafarsa ta ƙetare layin farko, a tsayar in ta ƙetare na biyu. A yi sau biyu. Tsoho mai ƙoshin lafiya yakan cinye wannan tazara cikin sakan 4 ko ƙasa da haka. Idan ya wuce sakan 5, saurinsa bai kai mita 0.8 a sakan ba, kuma wannan shi ne iyakar da likitocin tsofaffi ke ɗauka a matsayin rauni. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya ana ce masa "yi sauri, Baba". Da zarar ya ji ana gwada shi zai ƙoƙarta, awon kuma ya ɓaci.

Awo ɗaya bai faɗi komai sosai ba. A rubuta shi da kwanan wata, a sake bayan wata shida a wuri ɗaya. Wanda bara ya yi sakan 4, bana ya koma 5 da rabi ba tare da ciwon gwiwa ko wata jinya ba, shi ne abin dubawa.

Sannan a ƙara masa aiki na biyu: yana tafiya yana lissafo sunayen jikokinsa, ko yana ƙirga daga 50 zuwa ƙasa. Wani ya riƙa binsa a gefe don kada ya faɗi. Lafiyayyar ƙwaƙwalwa tana haɗa biyun da ɗan raguwar sauri kaɗan. Wadda ta fara gajiya sai ta zaɓi ɗaya, mutum ya tsaya cak kafin ya amsa. Masu bincike a Suwidin sun nuna tun 1997 cewa tsofaffin da ke tsayawa idan an yi musu magana suna tafiya sun fi yawan faɗuwa a watannin da suka biyo baya. Dole dai a bambance wannan da ɗabi'armu ta tsayawa a gaisa, wadda ladabi ce ba ciwo ba.

Ƙarfin jiki ma ana gwada shi da kujera marar hannu: ya rungume hannayensa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar. Fiye da sakan 15 rauni ne. A asibiti akwai na'urar auna damƙar hannu, inda ƙasa da kilo 27 ga namiji ko 16 ga mace ke nuna tsoka ta yi rauni. A gida kuwa za a ga ya kasa buɗe murfin kwalba, ko buta cike da ruwa tana suɓuce masa.

Rama ba gaira ba dalili ita ce alamar da aka fi rainawa. Binciken haɗin gwiwa na Ibadan da Indianapolis, wanda aka fara a 1992 kan tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatar Amurka, ya gano cewa tsofaffin Ibadan da suka kamu da ciwon mantuwa daga baya sun fi takwarorinsu zubar da nauyi tun kafin a gano ciwon. Dalilan suna da yawa: hanci ya daina jin ƙamshi sai abinci ya zama salam, mutum ya manta ko ya ci, ko sha'awar komai ta mutu. Zubar da kashi 5 cikin ɗari na nauyi cikin wata shida zuwa shekara, wato kilo 3 ga mai kilo 60, ya isa a je asibiti. Amma kafin a ɗora wa ƙwaƙwalwa laifi sai an duba tarin fuka, ciwon daji, suga, ciwon haƙori da ciwon damuwa, don su ma suna ramar da tsoho, kuma sun fi gaggawa.

Akwai wata alama da matar aure ce kan fara gani. Miji yana barci sai ya kai naushi, ya yi shuri, ya yi ihu, har ya faɗo daga gado, in an tashe shi ya ce mafarki yake yi ana bin sa. A ƙa'ida ƙwaƙwalwa tana kashe tsokar jiki lokacin mafarki. Idan wannan birki ya lalace sai jiki ya aikata abin da ake gani a mafarkin. A wajenmu yawanci aljanu ko sammu ake zargi. Addu'a ba ta hana ganin likita, kuma a nan ganinsa ya zama dole: wani babban bincike na 2019 ya nuna kusan kashi 74 cikin ɗari na masu wannan matsala sun kamu da cutar Parkinson, mai sa karkarwa da ƙagewar jiki, ko dangoginta, ciki har da wani nau'in ciwon mantuwa, cikin shekara 12. In ya haɗu da rashin jin ƙamshi da taurin bayan gida mai daɗewa, zargin ya ƙara ƙarfi.

Kunne da ido kuwa gyaransu ya fi komai sauƙi. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya sa rashin ji cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗari a rahotonsa na 2020, ya kuma ƙara raunin gani a 2024. Tsohon da ba ya ji yakan janye daga hira, ƙwaƙwalwa ta rasa abin yi. Wani lokaci daudar kunne ce kawai ta toshe, ko yanar ido wadda ake cirewa da aiki na ɗan lokaci.

Babban dalilin gaggawar zuwa asibiti shi ne wasu cututtuka suna kwaikwayon gigin tsufa kuma suna warkewa. Taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, wadda likitan Kolombiya Salomón Hakim ya bayyana a 1965, tana zuwa da abu uku: ƙafa ta yi kamar an manne ta a ƙasa, fitsari ya riƙa ƙwacewa, tunani ya yi nauyi. Ana sa siririn bututu ya janye ruwan, kuma tafiya ce ta fi saurin gyaruwa. Jinin da ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwa yana iya ɗaukar makonni kafin ya nuna kansa, lokacin an manta da faɗuwar. Ƙarancin bitamin B12, wanda ke yawan samun masu shan maganin suga metformin shekara da shekaru, yana kawo mutuwar ƙafa da mantuwa tare. Magungunan kemis irin su diazepam, Piriton da amitriptyline suna sa tsoho tangaɗi da ruɗewa. Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa ba ta jiran wata shida: zazzaɓi, ciwon mafitsara, faɗuwar suga ko shanyewar ɓarin jiki ne ake zargi, kuma a ranar ake kai mutum asibiti.

Ranar zuwa, wanda ke kwana da tashi da tsohon shi ya kamata ya raka shi, ba ɗan da ya zo daga birni jiya ba. A zuba duk magungunan da yake sha a leda, har da na gargajiya, a ɗauki takardar da aka rubuta awon tafiya da nauyi. A roƙi a auna hawan jini yana kwance da kuma bayan ya miƙe tsaye, a duba suga, yawan jini, B12, aikin ƙoda da na ƙullin maƙogwaro (thyroid). Idan asibitin kusa ya ga akwai buƙata, a nemi takardar turawa zuwa sashen ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.