Abin da rumbun magani na Memfis ya koya mini

Duk wanda ya yi aiki a rumbunan magani na birnin Memfis a Amurka ya san baƙaƙen matan Amurka ne ƙashin bayan wurin. Garin ne babbar tashar jiragen kamfanin jigilar kaya na FedEx, shi ya sa kamfanonin magani da kayan asibiti suka cika kewayensa. Daga Olive Branch, nan kusa, aka fara lodin rigakafin korona na Moderna a Disambar 2020. A inda nake aiki, matan nan ne ke haɗa oda, su duba ranar lalacewar magani, su shirya kwalin sanyi. Amma ka hau bene, inda ake tsara saye da jigila, sai ka neme su ka rasa.

Kamfani ba ya ganin giɓin, don lissafinsa ya cika: ga mata a ofis, galibinsu farare, ga baƙaƙe a kan motar ɗaga kaya, galibinsu maza. Ciwon ya daɗe. Wasu baƙaƙen mata sun yi ƙarar kamfanin motoci na General Motors, a 1976 kotu ta ƙi yarda su haɗa wariyar launi da ta jinsi a matsayin ƙorafi ɗaya. Shari'ar na cikin waɗanda Farfesa Kimberlé Crenshaw, masaniyar shari'a, ta yi nazari a kansu a 1989.

Wata dattijuwa a sashenmu ce ta koya mini shirya insulin, maganin ciwon sukari. Yana son sanyin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Celsius, in ya daskare ya tashi daga aiki. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, kada ka bari ƙanƙara ta taɓa shi, sa kwali a tsakani." Sabbin shugabannin sashe ma a hannunta suke koyon aiki, sannan su zama iyayen gidanta. Wannan yana ci mini rai.

Da na bi diddigi, sai na ga ƙananan abubuwa ne ke tare hanya. Ana horon manhajar lissafin kaya da rana, alhali yawancinsu dare suke yi. Gurbin ƙarin girma kuma a bakin abokai ake jin labarinsa. Da muka matsa, aka fara liƙa kowane gurbi a allon sanarwa, aka kawo horon cikin lokacin aikin dare, ana biya. Mata biyu sun hau bene a bara. Ita dattijuwar an ce sai da digirin jami'a, kuma har yanzu muna kan wannan maganar da manaja.