Asabar a Otakon: tattaunawa biyu da bitar sulken soso

Yau Asabar, rana ta biyu a Otakon, taron masoya anime, wato finafinan zane na Japan, da ake yi a cibiyar taro ta Walter E. Washington a babban birnin Amurka. A 1994 aka fara shi a jihar Pennsylvania, ya daɗe a Baltimore, sai 2017 aka dawo da shi nan. Asabar ce ranar cunkoso. Duk zaman da kake so, ka kama layi da wuri, don ɗaki na cika ake rufe ƙofa.

Zaman safe a kan yadda ake zana anime ne. Sakan ɗaya na fim hoto 24 ne, amma ba duka ake zanawa ba. A shirin talabijin sau da yawa zane ɗaya kan tsaya tsawon hoto uku, wato zane 8 a sakan, sai wurin faɗa ko gudu a ƙara yawansu. Masu genga su ke zana manyan motsi, masu douga su cike tsakani. Baƙon da ya yi jawabin da Japananci yake magana, tafinta na mayarwa, shi ya sa rabin lokacin ya tafi a fassara. Mai tambaya ya shirya ta a jimla ɗaya, in ya tsaya doguwar gaisuwa ya tauye na bayansa. Zama na biyu wani ɗan kallo ne ya shirya shi, ya ɓata minti goma saboda bai zo da mahaɗin HDMI, na haɗa kwamfuta da majigi, da ya dace da kwamfutarsa ba.

Bitar yamma ita ce ta fi komai amfani: haɗa sulken hannu da soson EVA, wani soson roba mai ɗan tauri, don cosplay, wato yin shigar wani tauraron anime ko fim. Da farko a naɗe hannu da leda, a bi ta da salatif na takarda, a ja layukan ɗinki da alƙalamin maka, a sa 'yan alamomi a ƙetaren kowane layi kafin a yanke da almakashi. Alamomin nan kada a raina su, da su ake gane inda gefe zai haɗu da gefe. Sai a shimfiɗa abin da aka yanke, a kwafe shi a kan soso mai kaurin milimita 5. Mai milimita 2 na ado ne, mai 10 na manyan sassa kamar ƙirji. Tunda soso na da kauri, a ɗan ƙara faɗi, in ba haka ba sulken zai matse hannu.

Soso na dakusar da reza nan da nan. Da ka ga bakin yanka ya fara tsattsagewa, wasa ta ko canja ta, kuma ka ja ta sau ɗaya, ban da gurzawa.

Wajen gam mutane suka fi yin ɓarna. Irin na masu gyaran takalmi ne: a shafa siriri a gefe biyu, a jira minti biyar zuwa goma har ya daina jiƙa yatsa, sannan a haɗa a hankali daga alama zuwa alama. Wanda ya yi gaggawa, gefen ya buɗe masa. In kuma ya kama a karkace, gyara sai da yaga. Warinsa na da ƙarfi, a gida sai a buɗe taga ko a fita waje. Gam na kyandir ya fi sauƙi, amma yana saki in an bar kaya cikin mota da zafin rana.

Lanƙwasawa da na'urar hura iska mai zafi ake yi: a kewaya da ita har fuskar soson ta ɗan yi sheƙi, a lanƙwasa a riƙe ya huce. In ta tsaya wuri ɗaya, ta ƙona shi. Fenti bai samu shiga ba, lokaci ya ƙure. Malamar bitar ta ce a fara shafa gam fari na katako sau uku, kowane ya bushe kafin na gaba, don soso tsirara shanye fenti yake yi.