Joseph Yobo: Shekaru 13 a Tsaron Bayan Super Eagles

Duk lokacin da aka ambaci Joseph Yobo a gidajen kallon ƙwallo, abin da yake fara fitowa daga bakin matasa shi ne gidan da ya ci a wasan Najeriya da Faransa a 2014. Ina ganin wannan rashin adalci ne ga mutumin da ya shafe shekaru 13 yana tsare bayan Super Eagles, kuma ya zama ɗan wasa na farko da ya buga wa ƙasar wasanni 100.

An haife shi a 1980, ɗan ƙabilar Ogoni ne daga jihar Ribas. Ya fara wasa a Turai a ƙungiyar Standard Liège ta Beljiyam, yana kuma cikin matasan Flying Eagles da suka kai zagayen kwata-fainal a gasar 'yan ƙasa da shekara 20 da Najeriya ta karɓi baƙunci a 1999. Daga nan ya koma Marseille ta Faransa a 2001, shekarar da ya fara buga wa babbar tawagar ƙasa. A gasar cin kofin duniya ta 2002 gefen dama aka ajiye shi, kuma shi ne ya ɗago ƙwallon da Julius Aghahowa ya sa wa kai ya ci Suwidin, wadda ita kaɗai Najeriya ta zura a gasar.

Inda ya yi suna sosai shi ne Everton, wadda ta karɓe shi aro a 2002, farkon zuwan koci David Moyes, kafin ta saye shi bayan shekara guda. Yana da gudu, yana da tsalle, kuma ba ya cika yin ƙeta, sai dai yana da wani rauni da magoya bayan ƙungiyar suka san shi da shi, wato yakan yi minti 80 babu kuskure, sannan hankalinsa ya ɗauke na ɗan lokaci abokin hamayya ya wuce. Duk da haka Moyes bai rabu da shi ba. Yana cikin waɗanda suka kai Everton mataki na huɗu a gasar Firimiya a kakar 2004/2005, sannan a kakar 2006/2007 ya buga dukkan wasanni 38 na gasar ba tare da an canza shi ko da na minti ɗaya ba. Wanda ya san yadda lokacin sanyin Ingila yake, inda ake jera wasanni kusa da kusa a watan Disamba ga katin gargaɗi ga rauni, zai gane cewa wannan ya fi wata ƙwallo mai ban sha'awa wahalar samu. A 2007 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗaura kambun kyaftin a ƙungiyar, kuma a 2009 ya buga wasan ƙarshe na kofin FA wanda Chelsea ta ci su 2 da 1.

Da gurbinsa ya fara tangal-tangal bayan zuwan Sylvain Distin da John Heitinga, sai ya tafi Fenerbahçe ta Turkiyya a 2010. A can ya ɗauki kofin lig na 2010/2011, har ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe da suka doke Sivasspor 4 da 3, ko da yake zargin sayen wasanni ya dabaibaye ƙungiyar bayan nan.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihinsa shi ne gasar cin kofin Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu. Kafin wannan gasar ya halarci biyar, sau huɗu yana dawowa da tagulla, a 2002 da 2004 da 2006 da 2010, har ta kai wasu suna yi wa tawagar ba'a cewa mataki na uku ya zama gadonta. Ya je a matsayin kyaftin, amma bayan kunnen doki 1 da 1 da Burkina Faso a wasan farko, kocin tawagar, marigayi Stephen Keshi, ya damƙa tsakiyar baya ga matasa biyu, Godfrey Oboabona da Kenneth Omeruo. Babban ɗan wasa mai shekara 32, wanda ya daɗe yana jan ragamar tawaga, ya koma benci yana kallon ƙannensa a gurbinsa, kuma an sha ganin yadda irin wannan yake wargaza sansanin Super Eagles ana tsakiyar gasa. Wannan karon sansanin bai watse ba. A wasan ƙarshe a Johannesburg, bayan Sunday Mba ya ci ƙwallo ɗaya tilo a ragar Burkina Faso, Keshi ya sako Yobo a mintunan ƙarshe domin ya taimaka a rufe baya, kuma shi ne ya ɗaga kofin da Najeriya ta yi shekara 19 tana nema.

A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil ma ba a tafi da shi a matsayin wanda zai riƙa fara wasa ba. Raunin da Oboabona ya ji a wasan farko da Iran ne ya dawo da shi fili, kuma da shi aka tashi babu ci a wasan, aka doke Bosniya 1 da 0, Najeriya ta tsallake rukuni a karon farko tun 1998. Gidan da ake ta maganarsa ya zo ne a lokacin da aka ƙara bayan minti 90 a birnin Brasilia, Paul Pogba ya riga ya ci ta farko, Mathieu Valbuena ya turo ƙwallo ƙasa-ƙasa, Antoine Griezmann ya matso ta gaban raga, ta taɓa Yobo ta shige. Ko da ba ta shiga ba, Faransa ce ke gaba kuma lokaci ya ƙure.

Bayan wannan wasa ya sanar da daina buga wa ƙasa. An lissafa masa wasanni 101, adadin da Vincent Enyeama ya kamo daga baya, kafin Ahmed Musa, wanda ya buga wa Kano Pillars, ya wuce su duka biyun.