Usur kaɗai ba ya yin malamin wasanni

Ƙannena da ke shirin cike JAMB kuna hangen PHE, wato ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, ku ba ni aron kunnuwanku. Na shiga karatun nan da ƙafar hagu, kuma ba na so ku bi sawuna.

A Tudun Wada na tashi, ƙwallo ce ci na da sha na. Ranar da ake wasa a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, ko da rance sai na shiga. Da na samu gurbin NCE, wato karatun shaidar malanta a kwalejin ilimi, sai na ce a raina ai an gama, tunda abin da za a koya mini yana ƙafata. Shekara ukun nan a fili na yi su. Darasin sassan jiki, da na yadda zuciya da huhu ke aiki lokacin gudu, da na agajin gaggawa, duk na ɗauke su ɓata lokaci. In haddace daren jarrabawa, in juye a takarda, in manta.

Ranar da abin ya kama ni, muna koyarwar gwaji ne a wata makaranta a cikin gari. Watan Afrilu, bayan sha biyun rana, 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Na busa usur na ce kowa ya zagaye fili sau uku, babu ɗumama jiki, babu ruwa a kusa. Wani yaro siriri ya riƙa zama baya, na daka masa tsawa na ce ragwanci ne. Ya daure ya ƙara zagaye ɗaya, sannan ya durƙushe yana riƙe ƙirji da ƙafafu yana kuka. Na tsaya a kansa da usur a wuya, ban san abin da zan yi ba. Wata malama dattijuwa ce ta kai shi inuwa, ta ba shi ruwa, ta aika a kira mahaifiyarsa, aka wuce asibiti. Ashe sikila gare shi. Da na je dubiya, uwar ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi: "Malam, ai da ka tambaye shi da ya gaya maka." Har yau maganar nan tana ci na.

Abin takaicin, bayanin yana cikin littattafan da na raina. Mai sikila, idan ruwa ya yi ƙaranci a jikinsa ko ya wahala fiye da kima, jajayen ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ciwon ke tashi. A ƙasarmu da wuya ka koyar shekara guda ba ka haɗu da irin wannan yaro ba.

Don haka ku riƙe darussan cikin aji kamar yadda kuke riƙe ƙwallo. Duk ajin da aka ba ku, makon farko ku san mai sikila, mai asma, mai farfaɗiya, ku tambaya a keɓe don kada yaro ya ji kunya. Ƙurar hunturu tana tayar da asma, zafin bazara yana kayar da lafiyayye ma, balle in ana azumi. Yaron da ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki, a kwantar da shi ta gefe a inuwa, a sassauta masa kaya, a nemi asibiti. Targaɗe kuma kada ku ja, yadda muka saba a filin unguwa. A hutar da ƙafar, a ɗaga ta, a sa ƙanƙara cikin tsumma kamar minti 20. In kun samu horon agajin gaggawa na Red Cross, ku je.

Kuskurena na biyu, na daɗe ina koyar da yara goma sha ɗaya kawai, gwanayen da za su ci mini kofi a gasar gidaje. 'Yan mata suna ƙarƙashin bishiya, masu ƙiba da marasa ƙarfi suna tsintar ƙwallo. Alhali su suka fi bukatata. Sai daga baya na gane tsallen igiya da langa da gudun miƙa sanda suna tayar da aji duka, kuma yarinya da hijabinta da wandonta tana gudu lafiya lau in an ware musu gefensu.

Takarda ma kada ku yi wasa da ita. A 2017 malaman firamare sama da 21,000 suka faɗi jarrabawar gwaji a jihar Kaduna aka sallame su, babu wanda aka tambaya ko ya iya buga ƙwallo. Ku iya rubuta shirin darasi, ku yi rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Ko kwalejin ilimi ta Gidan Waya kuka samu ko wata, ku nemi sakamako mai kyau, domin da shi ne za ku iya shiga ABU ku yi digiri. Ni sai da na sake zama kan littattafan da na tsallake, ina da iyali, bayan an tashi daga aiki.